Me ya haɗa sadarwar ma'aikata da ilimin koyo da tsara saƙo a digiri guda?

Akwai jami'o'in da suke haɗa fannoni uku a ƙarƙashin digiri guda: sadarwa a cikin ma'aikata ko ƙungiya, ilimin yadda mutum yake koyo, da tsara kayan isar da saƙo irin su bidiyo da shafin intanet da allon majigi da littafin jagora. Ɗalibin da ya duba jerin kwasa-kwasan a karon farko yakan ɗauka haɗin gambiza aka yi masa, domin a zango guda zai ga an sa masa tarihin tafiyar da masana'antu, da nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu, da darasin zaɓen launi da girman harafi. Galibi sai ya karkata ga na ukun, saboda shi ne ake ganin sakamakonsa da ido, shi ne kuma ake iya nuna wa mai ɗaukar aiki, sauran biyun kuwa a haddace su don jarrabawa a wuce wurin. A ganina wannan asara ce, domin duka ukun tambaya ɗaya suke ƙoƙarin amsawa: ta yaya abin da wani ya sani zai isa ga wanda zai yi aiki da shi, a kan lokaci, a sigar da zai gane, har ya sauya yadda yake aikinsa?

Kwas ɗin sadarwa yakan fara da tarihi, kuma ba sai an daɗe a kansa ba. Frederick Taylor, wanda ya wallafa tsarinsa na tafiyar da aiki a 1911, ya ɗauki saƙo a matsayin umarnin da ke saukowa daga sama, aikin ma'aikaci kuwa ya bi. Binciken da aka gudanar a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da birnin Chicago tsakanin 1924 da 1932 ya jawo hankali ga hulɗar ma'aikata da junansu da dokokin da suke gindaya wa kansu ba tare da sanin shugabanni ba, ko da yake masana sun daɗe suna jayayya a kan ingancin wasu sakamakon nasa. A 1938 Chester Barnard, wanda shi kansa shugaban kamfanin tarho ne, ya sa samar da hanyar sadarwa a sahun farko na ayyukan shugaba. Daga nan akan koyar da zanen da ya samo asali daga aikin Claude Shannon na 1948, mai nuna mai aikawa da hanya da mai karɓa da hayaniyar da ke gurɓata saƙo a tsakani. Zanen yana da sauƙin haddacewa, amma Shannon injiniya ne mai lissafin wayar tarho, kuma waya ba ta tsoron shugabanta. Ma'aikaci kuwa yana tsoron nasa, kuma a nan ne kwas ɗin yake fara ɗaukar zafi.

Saukar da umarni daga sama abu ne mai sauƙi. Wahalar tana ga hawar da labari mara daɗi daga ƙasa, domin kowane mataki da ya taka akan ɗan rage masa kaifi, har ya isa teburin mai yanke hukunci ya zama kamar babu wata damuwa. Misalin da aka fi koyar da wannan da shi shi ne hatsarin kumbon Challenger na Amurka, wanda ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa a ranar 28 ga Janairun 1986, ya hallaka 'yan sama jannati bakwai. Musabbabin hatsarin zoben roba ne da ke toshe mahaɗar rokar da ke cilla kumbon, wanda sanyi ya hana shi komawa yadda yake da sauri. Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokar, sun san da wannan matsala. A daren jajiberin tashin, a wani taro da aka yi ta wayar tarho da jami'an NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun ba da shawarar kada a harba kumbon idan zafin zoben ya yi ƙasa da digiri 53 a ma'aunin Fahrenheit, wato kusan 12 a ma'aunin Celsius, domin ba a taɓa harbawa a sanyin da ya fi haka ba. Jami'an hukumar suka nuna rashin gamsuwa, manajojin kamfanin suka keɓe suka yi shawara, suka dawo da amincewa. Kwamitin binciken da William Rogers ya jagoranta ya gano cewa manyan da suka ba da izinin ƙarshe ba su ma san an yi wannan jayayya ba.

Malamin sadarwa zai tsaya a kan matakan iko da matsin lambar cika alkawarin lokaci, da yadda aka juya tambayar, daga neman hujjar cewa tashin ba shi da haɗari zuwa neman hujjar cewa yana da shi. Amma abin da ya sa nake son wannan misali shi ne malamin tsara saƙo ma yana da nasa kason a ciki. Edward Tufte, masanin gabatar da alƙaluma, ya bi takardu 13 da injiniyoyin suka aika a daren, ya nuna cewa babu ko ɗaya a cikinsu da ta jera dukan tashin da aka yi a baya bisa yanayin sanyi tare da irin lahanin da zoben ya samu a kowanne. Bayanan suna warwatse a shafuka daban-daban, kuma tashin da ba a samu lahani a cikinsu ba, waɗanda duk a yanayi mai ɗumi aka yi su, ba su fito yadda za a kwatanta ba. Da an ɗora su a jadawali ɗaya, sanyi a ƙasa, lahani a gefe, da ido ya ga inda layin ya dosa. Roger Boisjoly, ɗaya daga cikin injiniyoyin, da wasu abokan rubutunsa sun mayar da martani daga baya cewa ba a yi wa injiniyoyin adalci ba, domin cikin 'yan sa'o'i suka haɗa takardun da abin da ke hannunsu, kuma shawarar da suka bayar daidai ce, ƙin bin ta aka yi. Ina ganin kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma ɗalibin da ya ɗauki kwas ɗaya ya bar ɗayan rabin labarin kawai zai ji.

Akwai wani bincike da ke tafiya da wannan, na Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard. A shekarun 1990 ta duba kurakuran ba da magani a sassan asibiti, tana tsammanin sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci su fi ƙarancin kuskure, sai ta tarar su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka bi diddigi, sai ya bayyana cewa a can ne ma'aikatan jinya suke iya buɗe baki su faɗi abin da ya faru, a sauran kuwa ɓoyewa ake yi. Duk wanda zai tsara fom ɗin kai rahoto ko akwatin ƙorafi ya kamata ya san wannan, domin komai kyan fom, idan mai cika shi ya san zai jawo masa takardar tuhuma, a aljihun tebur zai ƙare.

Fannin koyo shi ne wanda ɗalibai suka fi rainawa, ni kuma shi na fi ganin amfaninsa, musamman darasin da ake kira binciken buƙata. A yawancin ma'aikatu, da zarar aiki ya lalace, abin da shugaba zai ce shi ne a shirya wa ma'aikata bita. Robert Mager da Peter Pipe sun kawo wata tambaya a 1970 da ke warware wannan cikin sauri: shin mutumin nan zai iya yin aikin daidai idan ransa ya dogara a kai? Idan zai iya, to matsalar ba ta rashin sani ba ce, sai a nemi dalilin a wani wuri, ko kayan aiki ne babu, ko lokaci ne bai isa ba, ko kuma wanda ya yi daidai ƙarin aiki ake jibga masa, wanda ya yi sakaci kuma ba a ce masa uffan.

Na taɓa zama a wani taro a wata ma'aikata inda aka kawo kukan cewa ma'aikata ba su iya cika takardar neman hutu ba, har shugaban sashen ya ba da umarnin a tsara musu horaswa. Wata daga cikin masu shirya horaswar ta nemi a ba ta tarin takardun da aka mayar saboda kuskure, ta baje su a tebur tana duba su ɗaya bayan ɗaya. Kusan duka a wuri guda aka yi kuskuren. Akwai akwatuna biyu na kwanan wata a jere, ɗaya na ranar da aka cika takardar, ɗaya na ranar fara hutu, amma bayanin da ya bambanta su yana can ƙasan shafi na biyu da ƙananan haruffa. Ta ɗauki biro ta rubuta bayanin a saman kowane akwati, ta ce, "Ranka ya daɗe, a gwada wannan tukuna kafin a tara mutane." Aka sake buga takardar, maganar horaswa kuma ba a sake tayar da ita ba.

Abin da ta yi da biro yana da tushe a bincike. John Sweller na ƙasar Ostireliya ya bayyana a 1988 cewa ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke riƙe abin da ake aiki da shi a take ƙarami ne ƙwarai, saboda haka duk ƙarfin da mai koyo ya kashe wajen neman bayani a shafi, an rage shi ne daga ƙarfin fahimta. Richard Mayer na Jami'ar California da ke Santa Barbara ya gina gwaje-gwaje masu yawa a kan wannan, ya nuna cewa mutane sun fi koyo idan rubutu yana kusa da ɓangaren hoton da yake bayani a kai, idan an cire kiɗa da adon da ba su da alaƙa da darasin, kuma idan ba a haɗa musu hoto mai motsi da muryar mai bayani da rubutun kalmomin da muryar ke faɗa duk a lokaci guda ba. Wanda ya san wannan zai gane dalilin da ya sa mai jawabin da ke cika allon majigi da rubutu yana karantawa yake sa mutane gyangyaɗi. A gefe guda kuma, kwas mai kyau zai raba ɗalibi da wata tsohuwar fahimta da har yanzu take yawo a wuraren bita, cewa kowa yana da salon koyonsa, wani ta ido wani ta kunne, sai an koyar da shi ta nan zai gane. Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi binciken da aka yi a kan haka a 2008, ba su sami hujjar da ta isa a gina koyarwa a kanta ba.

Bayan an yi horaswar kuma sai a tambaya ko ta yi amfani. Donald Kirkpatrick ya kasa wannan mataki huɗu tun 1959: ko mahalarta sun ji daɗi, ko sun koyi wani abu, ko sun sauya yadda suke aiki bayan sun koma, da ko ma'aikatar ta ga sakamako. Abin da na fi gani shi ne a tsaya a matakin farko, a raba takardar jin ra'ayi a ƙarshen zama lokacin da kowa ya ƙosa ya tafi, a tattara yabo a rubuta rahoto. Mataki na uku yana buƙatar a koma wurin aikin bayan watanni a duba da ido, kuma ba kowane mai shirya bita ne yake son ganin abin da zai tarar ba.

Game da darussan kwamfuta, ba na cewa a yi watsi da su, domin wanda bai iya haɗa bidiyo ko tsara shafi ba zai sha wahalar samun aikin farko. Sai dai manhajojin suna tsufa da sauri. Shekaru da yawa ana gina darussan intanet da wata manhaja mai suna Flash, ɗalibai suna kashe zango sukutum a kansa, sai kamfanin Adobe ya daina tallafa masa a ƙarshen 2020. Abin da ya rage wa waɗanda suka koye shi shi ne ƙa'idojin da ba su dogara da manhaja ba: a fito da abu mafi muhimmanci ya fi komai girma, a bar fili tsakanin sassa, a sa rubutun magana a ƙasan bidiyo saboda kurame, kada a bambanta abu biyu da ja da kore kawai tunda akwai masu wahalar rarrabe su, yawancinsu maza. Ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa shafukan intanet ma sun ƙayyade cewa bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bangonsa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1.

Kwasa-kwasan suna da nasu raunin. Mafi yawan misalan da ke cikin littattafansu daga manyan kamfanonin Amurka da Turai aka ɗebo su, alhali yawancin mutanen duniya a ƙananan wurare suke aiki, inda babu sashen horaswa, inda kuma girmama na gaba yake da wani nauyi daban. Haka nan ana yawan ba da maki a kan kyan aikin da aka miƙa, ba tare da an tambayi ko wani ya taɓa amfani da shi ba.

Saboda haka idan ɗalibi ya nemi shawarata a kan zaɓen irin wannan digiri, nakan ce ya tambaya ko akwai kwas ɗin da ake tilasta gwada aiki a kan mutumin da bai san komai game da shi ba. Yadda ake yi shi ne ɗalibi ya rubuta jagorar wani aiki, misali sauya tawadar na'urar buga takardu, ya miƙa wa baƙo, ya zauna a gefe da takarda da biro, an hana shi magana ko nuni da yatsa. Zai ga mutumin ya tsaya a layi na uku yana jujjuya takardar, ya ja murfin da ba shi ake nufi ba, ya ɗago kai yana neman taimako, shi kuwa ba halin ya ce komai sai dai ya rubuta inda aka tsaya da abin da aka yi. Daga nan ya koma ya gyara jagorar, ya nemi wani baƙon daban ya sake gwadawa, sannan ya miƙa wa malami tsohuwar da sabuwar tare da jerin wuraren da kowannensu ya maƙale, kuma a kan wannan jerin ake ba da mafi yawan makin.