Yarinyar da ke kwana da takalmi a ƙafa

Shekara 14 ke nan ina koyar da Bayoloji a wata makarantar kwana ta 'yan mata a jihar Katsina, 6 daga ciki kuma ni ke kula da ɗaya daga ɗakunan kwanansu. A duk yaran da suka bi ta hannuna akwai ɗaya da har yau in na tuna abin da na yi mata sai ƙirjina ya yi nauyi. Ba zan faɗi sunanta ba.

A 2021 ta zo mana, 'yar aji huɗu, wato SS1. Duk ɗan jiharmu ya san irin shekarar da aka yi. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnati ta rufe makarantun kwana, ba mu gama farfaɗowa ba sai ga na Jangebe a Zamfara cikin watan Fabrairu, 'yan mata 279. Ga watannin da korona ta riga ta cinye. Da aka buɗe sai aka turo mana yara daga makarantun da ke bakin daji, ajin da na saba gani da mutum 60 ya haura 90. Benci ɗaya mutum huɗu, wasu a ƙasa. Sai da zango ya ƙare ban gama riƙe sunayensu ba.

Can layin baya take zama, jikin bango. Darasin farko da safe, kafin in gama rubuta kan magana a allo ta fara gyangyaɗi. Kowane wata kuma sai ta ɓace kwana uku ko huɗu, in na tambaya a ce tana ɗaki, zazzaɓi. Na sa ta durƙuso a rana. Na yanka mata fili ta nome. Ranar da haushi ya cika ni na zuba mata bulala uku a tafin hannu gaban 'yan aji, na ce in barci ta zo yi ta koma gidan ubanta ta yi. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da kai ƙasa.

Iya, metiron ɗinmu, tsohuwa ce da ba ta yi boko ba, albashinta bai kai rabin nawa ba. Bayan la'asar ɗin ranar na wuce ta tana tsinkar zogale a ƙofar ɗakinta, sai ta kira ni.

"Malama, yarinyar nan da kika daka, kin san ba ta barci da dare?"

Na ce ina zan sani.

"To ni da nake tashi alwala cikin dare ina ganinta. Zaune take kan gado, takalminta a ƙafa. Da ta ji ƙarar babur a titi sai ta miƙe tsaye."

Ban ce komai ba. Na koma gida na kasa cin tuwo.

Lahadin da ta biyo ranar ziyara ce. Wanda bai yi makarantar kwana ba ba zai gane girman wannan rana ba. Tun hantsi motoci da adaidaita sahu ke shigowa, a baza tabarmi ƙarƙashin dogon yaro, a buɗe kuloli, ƙamshin shinkafa da miya ya danne na gabzar da aka sha wata guda ana tusawa. Ana sauke garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, sukari, sabulu. Yara na ta gudu suna faɗawa jikin iyayensu. Na bar filin na shiga ɗakin kwana, tsit kamar an yi shara, sai ita kaɗai a gadon sama ta juya fuska bango.

"'Yata, ba ki fita ba?"

"Ba mai zuwa, Malama."

Na aika aka ɗauko min kular abincina daga gida, na zauna a gadon ƙasa, na ce ta sauko mu ci. Ta ci loma kaɗan cikin ɗari-ɗari. Na ce mata na yi kuskure ranar nan, ta yafe min. Ta ce ba komai. Ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba, ni ma ban matsa ba.

Sai bayan sati uku maganar ta fito, ranar wata Asabar da ake kitso. Na ga kanta ya cukurkuɗe, ba ta da mai yi mata, na ce ta zo in tsefe. Ta zauna tsakanin ƙafafuna, bayanta gare ni, ina tsifa tana kallon ƙasa. A haka ta fara, muryarta can ƙasa. Cikin dare aka shigo ƙauyensu a kan babura. Babanta ya fita ya ga abin da ke faruwa, bai dawo ba. Ita da innarta da ƙannenta suka kwana cikin gonar dawa, ba takalmi, ƙaya ta cika musu ƙafa. Innar yanzu tana raɓe gidan wani ɗan'uwa a gari, tana wankau. Kwanakin da take ɓacewa kuwa al'ada ce. Ba ta da kuɗin audugar mata, tsumma take amfani da shi, ta wanke da dare ta tura ƙarƙashin katifa don kada a gani, ba ya bushewa. Sau ɗaya ya ɓata mata yunifom a aji aka yi mata dariya, daga nan ta gwammace bulala da ta sake fita.

Ni ce fa nake tsayawa gaban allo ina zana mahaifa ina bayanin haila don jarrabawar WAEC. Wata da watanni yarinya na ɓace min kwana huɗu-huɗu, ko sau ɗaya tunanina bai je can ba, domin abin da nake dubawa rajista ce, ba fuskarta ba. Kuma gidan uban da na ce ta koma, babu shi, babu uban.

Muna da ofishin ba da shawara, da allo a ƙofa. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yi maganar a samar da masu ba ɗalibai shawara a makarantu. Malamar da ke riƙe da namu mutuniyar kirki ce, ta kuma karanci aikin, amma an ɗora mata darussa kamar kowa, ga yara fiye da dubu. Ofishin yana manne da ɗakin malamai, duk wadda aka gani ta shiga sai a fara raɗa, me ta yi? Ban da haka, mu da kanmu muka tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan kunya da kawaici. Yarinyar da aka koya wa kada ta haɗa ido da babba, ba za ta zauna kan kujera tana fuskantar tebur ta zazzage cikinta ba. Ka tambaye ta sau goma, amsar "lafiya lau" ce. Wannan ta yi magana ne don ba ta ganin fuskata, hannuna kuma na cikin gashinta kamar na uwa. Tun daga nan, duk wadda na ga alamar damuwa a tare da ita, aiki nake nema mana mu yi tare: ninkin kaya, tsintar wake, rakiya zuwa famfo.

Akwai kuma abin da kowace makarantar 'yan mata ta sani, faɗuwa da dare, a ce iska. Ɗaya ta fara ihu, kafin a jima huɗu sun zube. Ana kiran malamin addini ya yi ruƙya, ni ma ina tsayawa ina tofa abin da na sani, ba ni da ja da addu'a. Abin da nake roƙo kawai, gari ya waye a zauna da yarinyar a ji me ke ranta. A ɗakina dai, da yawa cikin masu faɗuwar na tarar akwai abin da ke cin su: an saki uwa, an tsayar da ranar auren da ba ta so, ko wata siniya ta mayar da ita baiwa, wanki da ɗebo ruwa da ƙwace kayan ziyara. Wadda abin ya yi tsanani nakan ba iyaye shawarar ganin likitan ƙwaƙwalwa, akwai asibitin tarayya a Barnawa cikin Kaduna. Nan ne ake kai ruwa rana, da ka ambata sai uba ya ce 'yarsa ba mahaukaciya ba ce. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma tsoron sunan nan yana nan daram a zukatan mutane.

Abin da muka iya yi kaɗan ne. Mu malamai mata 9 muka sa wani abu daga albashi kowane wata, ana sayen auduga da sabulu a ajiye cikin akwati a ɗakin Iya. Ba rubuta suna, ba tambaya. Na dage a kan wannan, domin ranar da aka ce sai an sa hannu, masu bukatar gaske ba za su zo ba. Ranar ziyara kuma muna shimfiɗa babbar tabarma bayan ɗakin kwana, mu dafa shinkafa da wake da mai da yaji, duk wadda ba a zo wa ba ta zo. Da farko kunya ta hana su, sai Iya ta ba da shawarar a kira har da waɗanda aka zo wa, kowa ta kawo ɗan abin da ta samu a haɗa, don kada tabarmar ta zama ta marasa gata. Hakan kuwa ya yi. Iyaye ma da suka gane, akwai masu zuwa da kula biyu.

Ita kuwa, mun ɗauke gadonta daga tagar da ke kallon titi muka mayar kusa da ƙofar Iya. Barcin bai dawo lokaci ɗaya ba. Iya ta ce sai da aka shiga zango na uku ta fara ganin takalmin a ƙasan gado, shi ma ba kullum ba. Ta zana WAEC da NECO a 2023, ta tafi. Ranar tafiyar ta zo ta durƙusa ta yi min sallama, na riƙe hannun da na daka, na kasa cewa komai sai Allah ya yi miki albarka.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hana iyaye da yawa zuwa, musamman na ƙauyuka masu nisa. Da muka fara tabarmar, yara 7 ne ba a zuwar musu a ɗakina. Ziyarar da ta wuce na ƙirga 23. Lahadi mai zuwa wata ziyarar ce, na riga na aika a auno min wake kwano biyu, Iya kuma ta ce tukunyarmu ta yi kaɗan, sai mun aro ta kicin.