Yadda na samu Alhaji ya sake ni zuwa aji

Duk wanda ya san harkar taki da iri da maganin feshi a Sabon Garin Zariya ya san shekararmu kashi biyu ce. Daga saukar ruwa a watan Mayu har zuwa Agusta, manoman Giwa da Soba da Makarfi ba sa barin mutum ya zauna, abincin rana ma a tsaye ake cin sa. Da an yi girbi sai kasuwa ta lafa, sai 'yan noman rani masu tumatir da albasa da ke leƙowa jefi-jefi. Ni ke riƙe da littafin shagon Alhaji, ni ke rubuta rasit da bashi, ni ke haɗa ciniki da yamma. A kan wannan rabon shekarar na gina roƙona, kuma ina ganin shi ya sa aka saurare ni.

Abin da nake so shi ne jarrabawar ATS ta masu koyon aikin akanta, wadda ƙungiyar akantoci ta ICAN ke shiryawa a Najeriya. Mataki uku ce, kowane mataki darasi huɗu, ana zama a watan Maris da Satumba. Akwai masu koyar da ita a wajen unguwar Kongo a nan Zariya, ranar Asabar da wasu ranakun da yamma. Shirin Satumba yana faɗawa tsakiyar damina, lokacin da ko ɗan cikin Alhaji ba zai samu izinin barin shago ba. Shirin Maris kuwa daga Nuwamba yake farawa, daidai lokacin da muke zaman jiran mai saye. Don haka tun kafin na buɗe baki na cire Satumba daga lissafi, ko da hakan zai ninka mini tsawon karatun.

Sai da na san matsayina kafin na je. Ma'aikacin gwamnati yana da hutun ƙaro karatu a ƙa'idar aikinsa, da albashi ko babu albashi, ya sa hannu cewa zai dawo ya yi aiki. Mu na kasuwa ba mu da wannan. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba ma'aikaci aƙalla kwana 6 na hutu da albashi bayan wata 12 yana aiki, ba ta tilasta wa maigida ya sake ka zuwa aji ba. Ke nan alfarma zan nema. Kuma alfarma ba a neman ta a gaban kwastoma, ko a ranar da motar taki ta maƙale a Kwangila. Na fara gaya wa babban yaron shagonmu, don kada ya ji daga sama ya ɗauka an tsallake shi, sannan na sami Alhaji a gida bayan sallar isha'i.

Bayan gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, shawara na zo nema, da kuma alfarma." Na faɗi sunan karatun, na faɗi ranakun, Asabar daga safe zuwa azahar, Talata da Alhamis in tashi bayan la'asar, daga Nuwamba zuwa Maris kawai. Ban jira ya tambayi wa zai riƙe littafi ba. Na ce zan koya wa ƙaramin yaronmu rubuta rasit da aikin POS kafin lokacin, in na dawo da dare zan bi abin da ya rubuta layi-layi, ƙidayar kayan sito kuma na ɗauke ta gaba ɗaya ranar Lahadi. Na ƙara da cewa in ya ga dama ya rage mini kuɗin Asabar.

Ya yi shiru, sannan ya yi tambayar da na san ita ce a ransa: "To ɗana, in ka gama sai ka tafi ke nan?"

Wannan tambayar ita ce maganar gaba ɗaya. Maigida da ya ɗauke ka kana ƙarami, ya damƙa maka makullin durowar kuɗi, ba asarar awa huɗu ce ke damunsa ba. Tsoronsa kada ya zama shi ya raini wanda banki zai zo ya ɗauke. Wasu abokaina sun ce in rantse masa ba inda zan je har abada. Ban yi ba, domin alkawarin da ba ka da tabbacin cikawa cin amana ne tun daga ranar da ka yi shi. Na ce masa gobe ta Allah ce, amma na ɗauki alkawari ba zan bar shi a cikin damina ba, ba zan tafi ba sai na bar wanda ya iya aikin, kuma duk abin da na koya a littafinsa zai fara gani. Na ba shi misali da bashin manoma da muke rubutawa a warwatse, wanda sai kaka ake gane wanda ya biya da wanda ya maƙale.

Bai amsa a daren ba, ni ma ban matsa ba. Da ya kira ni, ya ba ni Asabar da Alhamis, ya hana Talata saboda ranar yake zuwa Kano sayen kaya. Maganar rage kuɗin Asabar ya ce in bar ta. Na karɓa da godiya, darasin Talata kuma na riƙa kwafa a wurin abokin karatu. Washegari na rubuta abin da muka tsayar a takarda na nuna masa, na ce don kada ni in manta. Ya karanta ya sa a aljihu. Takardar ta yi amfani a watan Fabrairu, da wani dillali ya zo da babban ciniki ranar Asabar babban yaro ya ce in zauna. Alhaji da kansa ya ce in tafi, an riga an gama magana.

Makon jarrabawa a matsayin hutuna na shekara na neme shi, tun wata guda kafin lokacin. Da ruwa ya sauka a Mayu na ajiye littattafan karatu na koma shago cikakke, kuma a wannan daminar muka buɗe wa kowane manomi mai bashi shafinsa daban.