Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kakar da na fara bin Huskers

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce na tsaya ne a inda na samu ɗaki a gidan wani dattijo Bature a Lincoln, babban birnin jihar Nebraska, to yau labarin ƙwallo zan ba ku, amma ba irin wadda muka saba ba, ƙwallon Amurka ce da ake runguma a ƙirji ana gudu ana kayar da juna. Ku yi haƙuri da ni ku bi ni a hankali, domin idan na tsallake wannan babin ba za ku gane yadda aka yi na zauna a garin nan zuciyata ta kwanta ba.

Watan Agusta na 2014 na sauka, kuma duk wanda ya tuna wannan lokacin ya san me ake ciki, Ebola. Ni ɗan Funtua ne, cutar kuma a Legas da Fatakwal ta tsaya a Najeriya, amma a can wa ya san bambancin Legas da Funtua, da ka ce Najeriya sai ka ga mutum ya ɗan ja baya yana murmushi, ba zagi ba komai amma kai ka san an ja. Farkon Satumba kuma aka kawo wani likita Ba'amurke da ya kamu a Laberiya asibitin Omaha, tafiyar kamar awa ɗaya daga inda nake, sai maganar ta ƙara cika gari. Daga aji sai gonar gwaji inda muke aikin dawa, daga can sai ɗaki, sati ya zo ya wuce ban yi hirar minti goma da kowa ba in banda Inna a waya, ita ma ban gaya mata komai ba don kar hankalinta ya tashi.

Dattijon nan da nake zaune a gidansa, Baba nake ce masa kuma ya karɓi sunan, shi kaɗai ne bai taɓa ja baya ba. Tsohon manomin masara ne, matarsa ta rasu, yaransa sun watse wasu jihohi. Ranar Asabar 30 ga Agusta da safe na fito na ga duk layinmu ya koma ja, motoci da jar tuta, tsofaffi da jarirai da jajayen riguna, har kare an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Nace Baba lafiya, zaɓe ake yi? Yace zauna ɗana, yau ne ranar farko. Ya kunna talabijin ya ɗauko takarda da biro ya fara zana min.

Abin da ya koya min ke nan a taƙaice. Mutum 11 kowane ɓangare. Masu ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shiga da ita ƙarshen fili ya ci maki 6, shi ne tacdawun, sai a buga ta tsakanin sanduna a ƙara 1, in kuma an kasa isa aka buga daga nesa ta shiga maki 3 ne. Kashi huɗu ake yi kowanne minti 15 amma saboda tsaye-tsaye sai an haura awa uku. Kuma abin da ya fi ɗaure min kai, duk waɗannan samarin ɗalibai ne na jami'ar da nake karatu, a lokacin ba albashi ake biyansu ba, karatu da abinci da wurin kwana ne kawai kyauta.

Ranar Florida Atlantic aka kara da su, aka ci su 55 da 7. Ni dai ban gane rabin abin da ke faruwa ba, sai wani yaro Jordan Westerkamp da ya cafe ƙwallo ta bayansa, hannu biyu a baya, wannan kam ko makaho aka ba labari zai jinjina. Amma abin da ya sa na gyara zama shi ne sunan da mai sharhi yake ta maimaitawa, Ameer Abdullah, Ameer Abdullah. Nace Baba wannan Musulmi ne? Yace ƙwarai, lamba 8, ɗan Alabama ne, kuma duk jihar nan babu yaron da ake so kamarsa. Ranar yadi 232 ya ci da ƙafarsa. Gajere ne a cikinsu, in ya tsaya kusa da ƙattin da ke tare masa hanya sai ka tausaya masa, shi ne auta a gidansu cikin yara tara, kuma Baba yace min ya samu damar tafiya ƙwallon kuɗi tun bara amma ya dawo don ya ƙarasa digirinsa. Wallahi wani abu ya motsa a raina, a garin da nake ɓoye-ɓoyen daga ina na fito, ga mai suna Abdullahi tsofaffin manoma na sa rigarsa.

Ku gane wani abu game da Nebraska. Jiha ce mai faɗi, mutanenta a lokacin ba su kai miliyan 2 ba, masara da waken soya da shanu, kuma ba su da wata ƙungiyar ƙwararru a babbar gasar ƙasar, wannan ƙungiyar jami'ar ita ce tasu su duka, Cornhuskers, a gajarce Huskers. Sun ci kofin ƙasa sau 5, 1970 da 1971 zamanin Bob Devaney, sai 1994 da 1995 da 1997 zamanin Tom Osborne. Filinsu Memorial Stadium tun 1962 ba a taɓa yin wasa a cikinsa tikiti ya yi kwantai ba, kuma ranar wasa mutanen da ke cikin filin sun fi na kowane gari a jihar yawa in ka cire Omaha da Lincoln. Baba kujeru biyu gare shi da suke sabuntawa duk shekara shi da marigayiya, tun da ta rasu ɗayar sai dai ya ba maƙwabta.

Sati na biyu yace in shirya, ni zan zauna a kujerar. Na so in ƙi don nauyin abin, yace kar in sake ya ji. 6 ga Satumba, McNeese State, wata ƙaramar makaranta daga Louisiana wadda ma ba a rukuninmu take ba, irin waɗanda ake biya su zo a doke su su koma gida, kowa ya shigo da raha kamar an riga an gama. Ana cin tacdawun na farko sai na ga jajayen balan-balan sun tashi sama dubbai, ashe tun daga ƙofa mutane ke riƙe da su suna jiran wannan lokacin. To amma yaran nan na Louisiana ba su zo wasa ba, ana ci suna ramawa ana ci suna ramawa, har aka zo ƙarshe 24 da 24, fili ya yi tsit, Baba ya cire hularsa yana murɗa ta a hannu, na ji wani a bayanmu yana faɗin maganganu kan koci Bo Pelini waɗanda ba zan maimaita ba. Saura ƙasa da minti ɗaya Tommy Armstrong, shi ne mai jefa ƙwallo, ya ɗan miƙa wa Ameer ita gajeren jifa, nan take suka yi masa caa, na ce shi ke nan ya faɗi, sai ya sulɓe kamar tarwaɗa a hannu, wannan ya kama ya kuɓuce wancan ya rungumo ya kuɓuce, wajen mutum biyar, sai ga shi shi kaɗai a fili yana gudu, yadi 58, saura daƙiƙa 20. Ban san lokacin da na miƙe ina kabbara ba. Wani ƙaton Bature da ke gefena, wanda tun da muka zauna ko kallona bai yi ba, ya rungume ni ya ɗaga ni sama yana ihu, mutumin da bai san sunana ba bai tambayi daga ina nake ba. Tun da na bar gida babu wanda ya taɓa jikina sai ranar, kuma sai da na koma ɗaki da dare na tuna da hakan na yi ta kuka ni kaɗai.

An tashi 31 da 24. Kuma da yaran McNeese za su fita sai mutanen da ke kusa da ƙofarsu suka miƙe suna tafa musu, Baba yace haka ake yi wa kowane baƙo a filin nan, ko shi ya ci ko shi aka ci. Wannan ɗabi'a ta burge ni fiye da gudun Ameer ma, gaskiya.

Daga ranar abubuwa suka canza min a makaranta. Litinin na shiga ɗakin gwaji da jar hular da Baba ya ba ni, wani ma'aikaci da kullum gaisuwa kawai ke haɗa mu yace ka ga wasan? Nace a fili ma nake. Sai hira ta ɓarke, da ya ji ni ɗan Najeriya ne maimakon maganar cuta sai yace ai Prince Amukamara naku ne, ya yi mana wasa har 2010, wani ya sa baki yace Ndamukong Suh ma babansa ɗan Kamaru ne. A masallaci ma ranar Juma'a ashe 'yan Sudan da 'yan Iraƙi da suka daɗe a garin duk suna bi, yaransu da jajayen riguna lamba 8.

Wasan Fresno State a California aka yi cikin dare, 55 da 19, a talabijin muka gani Baba yana gyangyaɗi.

Na Miami shi ne wanda gari ya jira. 20 ga Satumba da dare. Tun ana saura kwanaki Baba ke ba ni tarihin abin, yadda a Orange Bowl, babban wasan ƙarshen kaka, na Janairun 1984 Miami ta ci su 31 da 30, saura kaɗan a tashi Osborne yana iya bugun maki 1 a yi kunnen doki kuma da wuya kofin ƙasa ya kuɓuce masa, amma ya ƙi, ya nemi maki 2 ta hanyar sake shigar da ƙwallo ƙarshen fili maimakon bugu don ya ci da gaske, aka tare jifan aka rasa kofin. Shekara 30 da faruwar abin amma dattijon nan yana faɗa muryarsa na rawa, kuma ba haushin Osborne yake ji ba, alfahari yake da shi. Ni ma da na juya abin a raina sai na ga mutumin ya yi daidai, kofin da aka samu ta hanyar gudun kasada ba zai yi daɗin ɗagawa ba. Sai Janairun 1995 suka rama a kan Miami ɗin, 24 da 17, Osborne ya ɗauki kofinsa na farko.

Ranar mutum 91,585 suka shiga, ba a taɓa tara haka a filin ba kafin nan. Ba a jima da farawa ba magariba ta yi, na sauka ƙarƙashin benaye na samu wani lungu kusa da matakala na shimfiɗa rigar sanyina na yi salla, siminti na girgiza a goshina saboda tsallen mutane a sama, wani mai gadi ya zo ya tsaya nesa kaɗan yana karkatar da masu wucewa har na sallame, bai ce min komai ba sai ɗaga kai. Wasan ya yi zafi har da 'yar hatsaniya tsakanin 'yan wasa, Miami da sabon yaronsu Brad Kaaya da Duke Johnson ba kanwar lasa ba ne, amma Ameer sau 35 aka ba shi ƙwallo ya ci yadi 229, kowa a filin ya san shi za a ba, su ma Miami sun sani, kuma suka kasa. 41 da 31. Satin da ya biyo Illinois ta sha 45 da 14, ya sake haura yadi 200, wasa biyar ba a ci mu ko ɗaya ba, aka fara maganar ko shi zai ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon shekara.

Sai 4 ga Oktoba, wadda ta zo daidai da babbar salla, sallata ta farko ba a gida ba. Da safe muka yi idi, na kira gida ina jin hayaniyar yara da ƙarar wuƙaƙe ta waya, Inna tace ka samu nama kuwa, nace na samu, kuma gaskiya ne don wani bawan Allah ɗan Sudan ya ba ni cinya guda daga ragon da suka yanka a wata gona bayan gari. Na kawo gida na soya da albasa da yajin da na taho da shi tun daga Funtua, na zuba mana a faranti ɗaya ni da Baba muka zauna gaban talabijin, don wasan a gidan Michigan State ne, can East Lansing, ana sanyi da yayyafi. Yana ci yana shan ruwa yana share hawayen yaji amma bai daina ba.

Wasan kuwa bai yi mana daɗi ba. Sun toshe Ameer ta ko'ina, yadi 45 kacal, aka shiga kashi na huɗu suna da 27 muna da 3, nace Baba mu kashe kawai, yace a'a ba a tashi a bar yara a fili. Sai ga Ameer ya shiga sau biyu, sai wani ɗan shekarar farko De'Mornay Pierson-El ya karɓi bugun da suka yi ya dawo da ita yadi 62 har gida, 27 da 22, ni da dattijo mai shekara saba'in da wani abu muna tsaye a tsakar falo. Ƙwallo ta sake dawowa hannunmu, Armstrong ya jefa wata can ƙarshen fili ta taɓa hannun yaronmu amma ba ta zauna ba, ya sake jefawa Trae Waynes nasu ya cafe, shi ke nan. Baba ya kashe talabijin ya ɗan yi shiru, sannan ya tambaye ni labarin layya, me ya sa rago, me ya sa ake rabawa, muka zauna har tsakar dare ina ba shi labarin Annabi Ibrahim yana cewa ai su ma suna da shi a littafinsu, ya ce sauran naman in ajiye masa na gobe.

Nan zan tsaya yau. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin dusar ƙanƙarata ta farko, da abin da Melvin Gordon na Wisconsin ya yi mana a watan Nuwamba, da yadda aka sallami Pelini duk da ya ci wasa 9, da kuma rashin lafiyar da ta kwantar da Baba a daidai wannan lokacin.