Abin da na koya daga tarihin Alfonso na Uku

A shekarar da aka ɗora mini rubuta maƙala a kan Alfonso na Uku, sarkin Asturiyas da ke arewacin Sifaniya, wanda ya yi mulki daga 866 zuwa 910, na ɗauka aikina bai wuce jera yaƙe-yaƙe da shekarunsu ba. Na kuwa jera su tsaf: mutanensa sun ci Porto a 868, sun ci Koimbra a 878, a wannan shekarar ce kuma ya fatattaki rundunar Ƙurɗuba, hedkwatar mulkin Musulmi a Andalus, a Polboraria, sannan ya sake raya Zamora a 893. Malamin da ya duba maƙalar ya mayar mini da ita ta sha jan biro, a gefen shafi na biyu kuma ya tambaye ni wanda ya ba ni waɗannan labarai, da kuma tuwon wanda mai ba da labarin yake ci.

Wannan tambaya ce ta sa na koma ga kundin tarihin da aka rubuta a fadarsa ta Obiyedo a shekarun 880, wanda har yau da sunansa ake kiransa. A cikinsa ne aka kawo labarin Pelayo, wanda ya kafa masarautar, da karon da ya yi da Musulmi a Kobadonga wajajen 722, inda aka ce mayaƙan Musulmi 187,000 ne suka afka wa 'yan tsirarun mutanen Pelayo a bakin kogo, amma maharan ne suka hallaka. Marubutan Larabawa kuwa, da suka zo kan wannan batu, cewa suka yi mutum talatin ne kawai suka saura a cikin duwatsu suna rayuwa da zuma, aka raina su aka ƙyale su. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, wani Kirista da ya rubuta tarihin Sifaniya a 754, alhali masu ganin abin da idonsu suna raye, ko ambaton yaƙin bai yi ba.

Da na zauna da waɗannan ruwayoyi uku, sai na gane cewa kundin fadar ya fi ba da labarin buƙatun Alfonso fiye da na Pelayo. Sarkin yana so a ɗauke shi magajin sarakunan Bisigot na Toledo, Kiristocin da suka mulki Sifaniya kafin zuwan Musulmi, waɗanda mulkinsu ya rushe bayan shigowar Ɗariƙu ɗan Ziyad a 711, domin duk ƙasar da ya ci a ce gadonsa ya karɓo. Duk wanda ya taɓa jin maroƙi yana zuba kirari a ƙofar fada ya san cewa ba ƙarya zalla yake yi ba, zaɓe yake yi. Har ma wani malamin coci ya yi hasashe a 883 cewa mulkin Musulmi a Andalus zai ƙare a shekara mai zuwa, sai ga shi Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a can, ba ta faɗi ba sai a 1492.

Kuskurena na biyu shi ne kallon Alfonso shi kaɗai, kamar jaruntakarsa ce ta yi komai. A zamanin Sarki Muhammadu na Ɗaya, tawaye ya yi wa Ƙurɗuba katutu: Ibn Marwan ya ɓalle a yamma har ya ƙulla ƙawance da Alfonso, ya miƙa masa wazirin Ƙurɗuba Hashim ɗan Abdul'aziz da ya kama, Umar ɗan Hafsun kuma ya kafa sansani a Bobastro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ganina rabin nasarorin da na jera a wannan tsagewar suka samu.

A maƙala ta biyu, da na zo kan labarin cewa 'ya'yan Alfonso sun yi masa tawaye sun tilasta masa sauka, na rubuta "an ruwaito", domin wanda ya kawo shi ya yi rubutunsa ne kusan ƙarni guda bayan haka. Abin da na bari ba tare da wannan kalma ba shi ne rasuwarsa a Zamora a 910, da rabon ƙasar tsakanin 'ya'yansa: Garsiya a Leyon, Ordonyo a Galisiya, da Furuwela a Asturiyas.