Wasiƙa daga Jamus: Asusun gem ɗinka a layin wayarka yake rataye

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman matasa masu buga gem a waya, da iyaye da yayyen da ke saya musu data. Gaisuwa daga birnin Berlin, da fatan kowa yana lafiya.

Maganar asusun gem ce ta kawo ni. Yaro zai shekara biyu yana buga Free Fire ko PUBG Mobile ko eFootball, ya zuba kuɗi a dayamon da UC, wato kuɗin sayayya na cikin gem, ya tara kaya da 'yan wasa, rana ɗaya ya wayi gari an canza masa kalmar sirri. Sai ka ji yana cewa an yi masa kutse. Da wuya a ce wani gwani ne ya fasa kwamfutocin kamfanonin gem irin Garena ko Konami saboda mutum ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ba ta cika wuce layin waya, ko imel, ko wata manhajar da mai wayar ya saka da hannunsa ba.

Wanda ke wasa da asusun baƙo, wato wanda bai ɗaure shi da Google ko Facebook ba, ba ya ma buƙatar ɓarawo. Ranar da aka yi wa wayar filashin, ko ta faɗa ruwa, shi ke nan. A ɗaure shi yau.

To amma ɗaurin sarƙa ce. Gem yana rataye a Facebook ko Google, su kuma suna rataye a lambar waya. Wanda ya tsinci wayarka bai damu da makullin allonta ba. Zai zare layin ya sa a wata ƙaramar waya, ya je shafin shiga ya danna cewa ya manta kalmar sirri, lambar tabbatarwa ta shigo masa ta tes. Da wannan layin kuma zai gwada bankinka ta USSD. Maganin bai kai minti biyu ba: shiga saitin tsaro na wayar, ka nemi makullin SIM, ka kunna shi, ka sauya lambar da kamfani ya sa da taka ta kanka. Hattara dai, kuskure uku a jere yana kulle layin sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki, kuskure goma a PUK kuwa yana kashe layin gaba ɗaya sai an je an yi welkom bak. Idan ba ka san lambar farko ba, kada ka yi ta canke, tambayi kamfanin layin.

Akwai kuma layin da aka jingine. Kamfanoni suna karɓe layin da ya daɗe ba a amfani da shi su sayar wa wani. Wannan yana yawan cin 'yan uwa da suka fito karatu ko neman kuɗi waje, suka bar layin gida a aljihun jaka, alhali Facebook ɗinsu har yanzu shi ya sani. Sabon mai layin zai iya shiga ba tare da ya sha wahala ba. Duk lambar da ka daina amfani da ita, cire ta daga asusunka.

Abin da ya fi tes aminci wajen tabbatar da shiga asusu shi ne manhajar samar da lamba, irin Google Authenticator. Tana fitar da lamba shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30, kuma ba ta buƙatar data ko sabis. Inda take ba mutane matsala wuri biyu ne. Na farko agogo: da lokaci ake lissafa lambar, don haka idan agogon wayarka ya yi gaba ko baya, ko da minti biyu ne, za a yi ta ce maka ba daidai ba. Bar wayar ta riƙa saita lokaci da kanta. Na biyu ɓatan waya. Google yana ba da lambobin ajiya guda 10, kowace mai lamba takwas, kowace kuma sau ɗaya take aiki. Kwafe su a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta. Ɗaukar hotonsu a wayar da za ta iya ɓata tamkar ɓoye makulli ne a cikin ɗakin da aka kulle.

Game da masu sayar da dayamon da araha a WhatsApp, ƙa'ida ɗaya ce. Loda dayamon ko UC lambar ɗan wasa kaɗai yake buƙata, wadda ke ƙarƙashin sunanka a cikin gem. Duk wanda ya ce sai ka ba shi kalmar sirri, ko ya turo maka shafin kyauta da ke neman ka shiga da Facebook, asusun yake so. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Manhajojin da aka yi wa kwaskwarima, masu alkawarin kuɗi mara iyaka ko harbi ba kuskure, su suka fi muni. Mafi sauƙin hukuncinsu shi ne kamfanin gem ya rufe asusun. Mai tsananin kuwa ita ce manhajar da, da zarar an saka ta, za ta nemi izinin nan da Android ya tanada domin masu lalurar gani ko ta hannu. Wannan izini yana ba manhaja damar karanta duk abin da ke kan allo da danna maɓalli a madadinka, har da lambar OTP, wato lambar tabbatarwa da banki ke turowa. Gem ba shi da abin yi da shi, haka ma izinin karanta tes ko lambobin mutanenka. Makirfo kawai yake buƙata, shi ma a zaɓi lokacin da ake cikin wasan.

Kada a ɗauka manyan kamfanonin waliyyai ne. A Disambar 2022 Epic Games, masu Fortnite, sun amince su biya dala miliyan 520 a Amurka: miliyan 275 kan tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba da yardar iyaye ba da barin hirar murya a buɗe tun farko, miliyan 245 kuma kan tsarin maɓallan da ke sa mutum saye bai shirya ba. Iyaye su lura da wannan na biyun. Idan katin banki yana haɗe da Play Store, a saita ta riƙa neman kalmar sirri a kowane saye. Hirar murya kuma a mayar da ita ta abokan tawaga kaɗai, domin ta nan baƙo ke tambayar yaro unguwarsu da makarantarsu.

A nan Turai dokar kare bayanai ta GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta ba mutum damar rubuta wa kamfani ya nemi kwafin bayanansa ko a goge su, kuma a ƙa'ida cikin wata ɗaya ake amsawa. Najeriya ma ta samu dokar kare bayanai a 2023 da hukumar NDPC, sai dai ƙorafi aba ce mai cin lokaci. Abin da ke hannunka yanzu shi ne lambar talla da ke bin sawunka daga manhaja zuwa manhaja. A saitin Google, sashen tallace-tallace, akwai wurin goge ta. Talla ba za ta daina zuwa ba, bibiyar ce ke raguwa. VPN na kyauta kuwa, wato manhajar da ke bi da saƙonka ta wata kwamfuta don ɓoye inda kake, ban ga amfaninsa ga mai gem ba: yawanci jinkiri yake ƙarawa tunda ya tsawaita hanyar saƙo, kuma mai shi yana ganin wuraren da kake shiga.

Idan za a sayar da waya, a fara fita daga asusun Google kafin a goge ta, in ba haka ba, tana iya tsayawa tana neman tsohon asusun, mai saye ya dawo yana roƙon kalmar sirrinka. A wurin mai gyara ko mai caji kuma, a zare layi da memori a sa a aljihu. Canjin allo ko batir ba ya buƙatar lambar buɗe waya. In ya ce zai gwada aikinsa, buɗe masa da kanka kana tsaye.

A gaida mutanen gida. Allah Ya sada mu da alheri.

Naku,
ɗan uwanku a Berlin.