Harafin da Ke Ƙarƙashin Hujin Kwabo

A ɗan shagona da ke kusa da Taminos a Jos, sana'ata ita ce saye da sayar da tsofaffin kuɗin ƙarfe: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi da sule na zamanin Turawa. Mafi yawansu daga gidajen iyalan tsofaffin ma'aikatan kuza suke fitowa, a cikin gwangwani ko a ɗaure a bakin tsumma, kuma duk wanda ya kawo su shekarar da ke jiki yake fara nuna mini. Ni kuwa alamar maƙera nake fara nema, wato ɗan harafin da ke faɗin inda aka buga kuɗin.

Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ba a wuri ɗaya take buga kuɗinta ba. Harafin H na kamfanin Heaton ne da ke Birmingham, KN na kamfanin King's Norton ne, shi ma a Birmingham, SA kuma na Pretoria a Afirka ta Kudu, wanda babu komai a jikinsa kuwa yawanci daga maƙerar sarauta ta Landan ya fito. A kwabo mai huji, harafin yana fuskar da ke da kambi, a ƙarƙashin hujin, kuma ƙanƙantarsa ta sa sai na kai shi bakin ƙofa na ɗora masa gilashin ƙara girma kafin in tabbatar. A sule mai hoton kwakwar manja, gindin itacen ake dubawa.

Na 1936 su ne na fi so. Sarki Edward na Takwas ya sauka daga sarauta a watan Disambar wannan shekara, kuma ko a Ingila ba a taɓa kashe kuɗi mai sunansa ba, amma a nan ƙasar kakanninmu sun yi cefane da kwabonsa, domin kuɗi mai huji ba ya bukatar hoton sarki, suna kawai ake rubutawa. Kwabon nan iri uku ne, mai H, mai KN da marar alama, shi ya sa mai tarawa na gaske ba ya cewa ya mallaki 1936 sai ya haɗa ukun.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wanki. Wani dattijo ya taɓa shigowa da aninai cike da kwano, jikansa ya dirje su da toka da lemun tsami har suna walƙiya. Na ce masa, "Baba, da ka bar su da dattinsu, da na fi ba ka kuɗi." Dirzar ta cinye harafin da ke jikin da yawa daga cikinsu, ta yadda ba zan iya rantsewa cewa wannan na Landan ne ko na Birmingham ba, kuma abin da ban tabbatar ba, ba na rubuta shi a takardar mai saye. Dole na auna su a farashin gama-gari, in ban da guda bakwai da hannun yaron bai kai gare su ba.