To idan yaro ya koma fa?

Ranar Alhamis na miƙa kwamfuta da katin shaida, na sa hannu a takardar barin aiki, na shiga mota daga Daura zuwa Katsina. Wata goma sha huɗu na yi. Waɗanda muka yi tare sun san ofishin, sun san Oga, sun san ɗakin taron nan mai fanka ɗaya, ba sai na ɓata lokaci a kansu ba. Ga wanda bai sani ba, gwajin farko ne na aika wa iyaye saƙon tes don tuna musu ranar rigakafin yara, a wasu ƙananan asibitoci na karkarar ƙasar Daura. Ma'aikaciyar lafiya ta shigar da yaro a manhaja, na'ura ta lissafa mako 6, mako 10, mako 14 da wata 9, ta riƙa aika saƙo da kanta. Ni ne mai kula da bayanai. Abin da aka ce mu gano shi ne ko abin zai yiwu, kafin a zuba masa manyan kuɗi.

A ranar farko ta bita, ina tsaye gaban allo ina nuna musu inda ake dannawa, sai Hajiya ta ɗaga hannu. Ita ce shugabar ɗaya daga cikin asibitocin, kuma tana yi wa yara allura tun kafin a sa ni firamare.

"Ɗana, na ga wurin an yi, na ga bai zo ba, na ga ya ƙaura. To idan yaro ya koma fa? Ina zan danna?"

Na dubi allon, babu. Na ce, "Hajiya, wannan sai zagaye na biyu, in sha Allahu." Na rubuta a littafina. Littafin yana nan, kuma maganar tana ƙasan shafi, bayan gyaran launin tambari.

Abin da ya ɗauke mini hankali a lokacin haruffa ne. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya tsinke gida uku, kuɗi ya ninka, sannan a ƙananan wayoyin nan masu tocila harafin ya fito kamar akwati. Mako biyu na yi ina fama da wannan, har muka cire lanƙwasar, ƙyanda ta zama kyanda. Na ji daɗin kaina ƙwarai da na gano shi. Sai kuma rigimar suna. Oga ya dage cewa sai an ambaci sunan yaro a saƙo, wai ya fi taɓa zuciyar iyaye. Ga shi jaririn da aka kawo BCG, allurar rigakafin tarin fuka, kafin ranar suna ba shi da suna, ga uwar ɗan fari ba za ta faɗi sunansa ba ko za ka kwana kana tambaya. Muka riƙa bin kakanni da iyaye maza har muka cike gurbin. Kalmomin saƙon kuwa ni na tsara su da hannuna. Na tunatarwa yana ƙarewa da "Rigakafi ya fi magani." Na wanda ya wuce ranarsa, wanda ke tafiya duk mako har sai an kawo yaro, yana cewa ba a kawo Wane rigakafi ba, lafiyar yaro amana ce a hannun iyaye.

Da damina ta yi tsakiya, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwasar yara, wani yaro da ya karɓi allurar mako 10 ya rasu. Hajiya ta kira ni ta gaya mini, ta ce in cire shi tunda ita ba ta da wurin dannawa. Ina cikin mota zan tafi wani taro. Na ce to, da na sauka zan yi. Ban yi ba. Ban sake tunawa ba ma.

Saƙon mako 14 ya tafi. Da na'ura ta ga shiru sai ta sa shi a layin waɗanda ba su zo ba, ta fara aika ɗayan. Lambar da muke da ita ta mahaifin ce, kamar yadda yawancin lambobinmu suke, kuma shi karatun allo ya yi, bai iya boko ba. Duk saƙon da ya shigo sai ya kai wa yaron da ke cajin waya a bakin kasuwa ya karanta masa, a gaban duk wanda ya zo karɓar tasa. Sau huɗu aka karanta masa sunan ɗansa, aka gaya masa bai riƙe amana ba.

Na je zagaye asibitin ranar da ya zo. Bai ɗaga murya ba. Ya yi sallama, ya gaishe da Hajiya, ya gaishe ni, ya zauna a bakin benci, ya fito da wayar daga aljihun gaba ya riƙe.

"Malam, kai ne mai na'urar? Don Allah ka gaya mata yaron nan ya riga mu gidan gaskiya. Uwarsa ta ji ana maganar a gari."

Na yi masa ta'aziyya, na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, haka Allah ya so. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Hajiya ba ta dube ni ba, ta ci gaba da jera katunan rigakafi. A wurin na goge sunan, abin bai kai minti ɗaya ba.

A taron Litinin na kawo maganar. Oga ya saurara yana latsa waya, sannan ya ce wannan matsalar shigar da bayanai ce, ma'aikaciyar ba ta sabunta rajistar yaron ba. Wace rajista? A wane gurbi? Kowa a ɗakin ya san babu. Ni kuma na san ta kira ni. Saura wata biyu a sabunta kwantiraginmu, na sunkuyar da kai na yi shiru. Aka sa asibitinta a jerin waɗanda ke buƙatar ƙarin horo, aka tura yarinyar da ba ta kai shekarun 'yarta ba ta je ta koya mata danna allo, kuma da aka zo raba alawus na zagaye na gaba ba a ga sunanta ba. Laifi tudu ne, na sani, shi ya sa na fara da nawa. Amma ni mantuwa na yi da tsoro. Shi ya san gaskiya ya zaɓi wanda zai ɗora wa, kuma ya zaɓi wadda ba ta zuwa taron Litinin.

Rahoton ƙarshe shi ya ƙarasa ni. Na rubuta shafi guda kan abin da ya faru, ba tare da suna ba. Ya dawo mini a layi ɗaya, ƙarƙashin "ƙananan ƙalubale". Abin da aka sa a gaba, da manyan haruffa da zane mai launi, shi ne adadin saƙonnin da suka isa. Isa ina? Abin da kamfanin aika saƙo ke nuna mana shi ne saƙo ya shiga waya. Ba ya cewa wayar tana hannun miji a kasuwar Mai'adua, ko ya tafi cin rani da ita, ko layin ya koma hannun wani. Tun da aka hana layukan da ba a haɗa da NIN ba yin kira a Afrilun 2022, mutane da yawa sun jefar da nasu sun ari na 'yan'uwa. Ta wajen Kongolam kuwa waya kan kama sabis na Nijar ta saki namu. Duk mun san wannan, mu da muke zagaye. Sannan aka rubuta cewa abin mai yiwuwa ne a Jihar Katsina. Jihar mai ƙananan hukumomi 34, wadda a Satumban 2021 aka rufe layukan waya a 13 daga ciki saboda 'yan bindiga. Ai dalilin da ya sa aka kawo gwajin Daura ke nan, ba a kai shi Batsari ko Faskari ba. Mun gwada a inda ya fi sauƙi, muka yi wa sauran alkawari.

Daga baya, da na zauna na yi karatun da ya kamata in yi tun farko, na ga ba sabon ciwo ba ne. Ƙa'idojin CONSORT, waɗanda masu binciken lafiya ke bi wajen rubuta rahoto, suna da na gwajin farko da suka fito a 2016, kuma sun nemi a faɗi ma'aunin da aka tsayar tun kafin a fara, wanda da shi za a ce a ci gaba, ko a gyara, ko a tsaya. Sun kuma nemi a faɗi duk cutarwar da aka yi da abin da ya auku ba da niyya ba. Mu ba mu tsayar da komai ba, don haka duk abin da ya fito nasara ne. A Yuganda, irin waɗannan gwaje-gwajen lafiya ta waya sun yi yawa har ma'aikatar lafiya ta dakatar da sababbi a 2012. Oga ya san wannan labarin, yana ma ba da shi a taro, mutane su yi dariya.

Ga wanda zai gaje ni, sauran ba su da yawa. Tambayi wa ke riƙe da wayar da rana, kada ka tsaya a wa ya mallake ta. Saƙon murya da Hausa ya fi tes a ƙauyukan nan, ko da ya fi tsada. Kada ka ce wa ma'aikaciya ta bar rajistar takarda, ita ce ke aiki ranar da babu caji, kuma ka sani ka ninka mata aiki ne. Duk tambayar da tsohuwar ma'aikaciya ta yi a ranar farko, sa ta a saman shafi. In an kira ka kana mota, rubuta wa kanka saƙo nan take. In Oga ya cire maka shafi, ajiye naka kwafin mai kwanan wata.

Gurbin "ya rasu" yana cikin manhajar yanzu. Ni na matsa sai da aka sa, kuma da zarar an danna shi duk saƙon da ke layi yana tsayawa. Mai rubuta manhajar ya gama shi tsakanin azahar da la'asar. A takardun da Oga ya kai Abuja an kira shi sabon tsari da tawagarsa ta ƙirƙiro bayan sauraron al'umma.

Kafin in taho na je wurin Hajiya. Na gaya mata abin da aka faɗa a taron, da cewa ina zaune ban ce uffan ba. Ta ce ta ji tun a makon, direba ya ba ta labari. Ta aika aka sayo mini fura, ta ce in sha kafin rana ta yi. Da zan tashi ta jawo aljihun tebur ta fito da kwamfutar hannun da muka ba ta, a naɗe cikin ledarta.

"Ɗana, wannan kai zan ba ko su za su aiko? Cajarta ta mutu tun bayan Babbar Sallah, na faɗa har sau biyu."

Na ce ta ajiye, ni na riga na sa hannu.